Tudun da Ba Ya Kan Hanya

Auta ta faɗi jarrabawar fiziks a zangon farko. Makarantarsu tana da doka a kan haka, wadda ta fi darasin kansa sauƙin ganewa: wanda ya faɗi zai sake sau ɗaya, in ya kuma faɗuwa sai ya tattara littattafansa ya bar ajin kimiyya ya koma ajin kasuwanci. Ita kuwa Auta tun tana firamare take gaya wa duk wanda ya tsaya saurarenta cewa haɗa magunguna za ta karanta, kuma ba a shiga wannan karatu ta ƙofar ajin kasuwanci.

Mahaifiyarta ta karɓi takardar jarrabawar, ta juya ta gaba da baya, ta tsaya a inda jan biro ya fi yawa. Wani zane ne: layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, a tsakaninsu wani layin ya hau, ya miƙe, sannan ya sauko. Auta ta ce giraf ake kiransa. Uwar ta ce ko ma mene ne sunansa, ita dai ta san inda ta saba ganin irinsa, a bangon ɗakin ƙaninta. Ta ce wa Auta ta ɗauko jakarta.

Ƙanin nata, wato Kawu, safiyon hanya ne da ya yi ritaya. Dangi suna kiransa Injiniya, bai taɓa gyara musu ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙa na'ura mai ƙafa uku a gefen titi, yana ɗaga wa mai riƙe da sanda hannu daga nesa, in ya koma ofis ya zana yadda ƙasa ta hau da yadda ta sauka a doguwar takarda mai gida-gida. A cikin dangi, duk abin da ke da lamba ko waya ko ƙusa wurinsa ake kaiwa. An taɓa kai masa agogon bango, agogon bai sake motsi ba, aka yi ittifaƙi cewa da ma ya tsufa.

"Ga 'yarka nan," in ji yayar tasa tun daga bakin ƙofa. "Zane ne ya kayar da ita. Kai kuwa da zane ka ci abinci har ka yi furfura."

Kawu ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya sa aka kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, ya fito da rularsa ta ƙarfe da fensirori masu tsini kamar allura, ya saka tabarau. Kallo ɗaya ya yi wa zanen, fuskarsa ta saki kamar wanda ya gamu da tsohon abokin aiki a asibiti.

Ya ce ai wannan hanya ce. Ya ɗora bakin fensir a farkon layin ya bi shi a hankali. Nan mota tana hawa tudu, in ji shi, injin yana nishi, gudu yana raguwa. Nan ta isa sama, ƙasa ta daidaita, direba ya huta. Nan kuma gangara ce, mota ta kwasa da gudu, sai a yi hattara da birki. Ya tambaye ta abin da ke da wuya a nan.

Auta ta ce Malaminsu ya ce in layi ya hau, gudun ne yake ƙaruwa.

Kawu ya cire tabarau ya tambaya ko Malamin nasu yana da mota. Ta ce keke yake zuwa da shi.

"To da shi ya kamata ya fi kowa sani. Ki tambaye shi ko ya taɓa hawa tudu ya ji keken yana ƙara gudu."

Ta nuna masa ƙaramin rubutun da ke gefen layin tsaye, inda aka sa gudu, da wanda ke ƙarƙashin layin kwance, inda aka sa lokaci. Ya ce ya gani. Ya ce a ofishinsu ma masu zane suna cika gefen takarda da rubuce-rubuce, kuma ba mai karanta su sai ranar da gada ta rufta aka kafa kwamiti.

Da a ce Kawu bai iya komai ba, da abin ya zo da sauƙi, da an gane tun ranar farko. Matsalar ita ce ya iya lissafin fiye da littafin. Da tambaya ta ce a nemo ƙaruwar gudu, sai ya ce ai karkatar hanya suke nufi: a auna yadda layin ya tashi, a raba da yadda ya tafi gaba. Ya ja ɗan kusurwa uku a jikin layin, ya ƙirga gidaje, ya faɗi amsa tun kafin Auta ta buɗe kalkuleta. Suka duba bayan littafi, amsar ke nan. Da tambaya ta ce a nemo nisan da motar ta yi, ya duba misalin da aka warware a sama, sai ya yi dariya. Ya ce faɗin abin da ke ƙarƙashin layi suke so, wato ƙasar da tifa za ta kwashe in za a baje tudun. Ya yanka tudun gida uku, kusurwa uku a hagu, murabba'i a tsakiya, kusurwa uku a dama, ya haɗa. Bayan littafi ya sake ba shi gaskiya.

Ya ce mata ta ga dai da idonta. Masu littafin sun san aikin, sunaye ne kawai suka canja don su ruɗa yara.

Haka suka yi ta zama kullum bayan an tashi daga makaranta. Hannun Auta ya faɗa a lissafi, har ta fara yanka tudu ba tare da rula ba. Amma kanta ya zama ɗaki mai masu haya biyu da ba sa ga maciji. In ta ga layi ya hau, sai ta ji muryar Malam tana cewa gudu ya ƙaru, ta kuma ji injin Kawu yana nishi. Ranar da Malam ya tara waɗanda za su sake jarrabawa don bita, ya nuna wani layi mai hawa a allo ya ce ta faɗi abin da motar take yi. Ta miƙe ta ce motar tana ƙara gudu saboda tana rage gudu a kan tudu. Malam ya dube ta, ya dubi allon, kamar yana neman tudun da aka zana masa a bayan idonsa. Ya ce ta zauna. Ya ce lissafinta ya yi kyau ƙwarai, amma rabin makin a bayani yake.

A hanyar gida ta ƙirƙiro wata dabara: duk abin da Kawu ya faɗa a kan layi, ta juya shi. In ya ce raguwa, ƙaruwa ce. In ya ce ƙaruwa, raguwa ce. Dabarar ta yi aiki har ta zo kan layin da ya kwanta. A nan Kawu ya ce mota tana tafiya da gudu ɗaya ba hawa ba sauka, ta juya shi ta ce motar ta tsaya, littafi ya ce Kawu ne da gaskiya. Ta buɗe shafi na gaba, ta tarar da wani zanen da aka rubuta nisa a gefensa maimakon gudu, shi ma da layinsa a kwance. Ta bi Kawu a wannan karon ta ce mota tana tafiya. Littafi ya ce motar a tsaye take.

Ta kai masa ƙara. Layi iri ɗaya, a littafi ɗaya, a nan tafiya, a can tsayuwa. Kawu ya ce shimfiɗaɗɗiyar hanya dai shimfiɗaɗɗiya ce, ko direba ya tafi ko ya tsaya sayen wani abu, wannan ba ruwan safiyo. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, tana guga a gefe. Tsohuwar nas ce, ta daɗe a ɗakin marasa lafiya masu jin jiki. Ba ta ɗago kai ba ta ce su a wurinsu, in layi ya kwanta a na'urar bugun zuciya, sai dai a nemi dangi a ba su haƙuri.

Auta ta ɗora goshi a kan littafin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai wataƙila ajin kasuwanci ba shi da laifi, ta ji an ce suna tashi da wuri.

Wannan maganar ce ta motsa Kawu. Ya ce ba zai zauna yana gani mai keke ya lalata wa yarinya ƙwaƙwalwa ba. Ya ce kimiyya gwaji ce, shi kuma yana da mota. Washegari da hantsi ya fito da tsohuwar motarsa daga rumfa, ya zaunar da Auta a gaba da takarda mai gida-gida a kan faifan katako, Anti a baya da agogonta na aiki, wanda ake maƙalawa a ƙirji. Tsarin kuwa, Auta ce ta kawo shi daga littafi, Kawu ya amince don ya tabbata zai ba shi gaskiya: Anti za ta riƙa cewa "yanzu" a tazarar lokaci iri ɗaya, duk sa'ad da ta faɗa Auta ta leƙa allurar maleji ta ɗiga ɗigo a takarda daidai lambar da ta gani.

Ya ce su fara da hanya mai sauƙi. Ya kai su wani dogon titi a bayan gari wanda shi da kansa ya auna shi lokacin da ake shimfiɗa kwalta. Ya ce in aka zuba ruwa a tsakiyar titin nan, ruwan zai rasa inda zai nufa. Ya tada mota, ya taka totur, ya sa giya ta biyu, ta uku. Anti tana cewa yanzu, yanzu, da muryar mai ƙirga bugun jini. Allura ta tashi daga sifili ta wuce ashirin, ta wuce arba'in, ta tsaya a sittin. Suka ɗan jima a haka. Can gaba wata babbar mota ta tsaya tana sauke bulo, Kawu ya taka birki a hankali har suka tsaya a bayanta.

Auta ta haɗa ɗigogin da rula ta miƙa masa. Layi ya hau, ya miƙe, ya sauko. Kusan zanen da ya kayar da ita ne.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Ya leƙa ta taga ya dubi titin da suka baro, a shimfiɗe kamar tebur har inda ido ya ƙare. Ya sake duban takardar.

"Babu tudu a titin nan," ya ce. "Ni na auna shi."

Auta ta ce ita dai abin da allura ta nuna ta ɗiga. Ya juya baya ya tambayi Anti ko ta tabbata agogon nan yana aiki. Anti ta ce da agogon nan ta raka mutane da yawa, wasu gida wasu wani wurin, ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi.

Ya ce to a je inda tudun gaske yake. Suka nufi gadar sama da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda motarsa ba ta taɓa hawa da daɗin rai ba. Suka shigo ta da hamsin. Tun kafin rabi injin ya fara nishin da Kawu ya yi ta kwaikwayo a teburin cin abinci, allura ta yi ta sauka, arba'in, talatin. Kawu ya ce su ji da kunnensu, ga abin da yake faɗa. Suka kai ƙoli, suka gangara, allura ta koma sama. A ƙasan gada ya faka, ya karɓi takardar da hannun mai nasara.

Layin ya gangara, ya yi kwari, sannan ya hau.

Ya juya takardar kai ƙasa, ta zama tudu sosai, mai kama da gadar. Ya ɗan ji sanyi. Amma a haka lambobin duk sun tsaya da ka, kuma tafiyar ta fara daga dama. Ya mayar da ita daidai. Ya ce a titin da ba tudu an samu tudu, a kan tudu an samu kwari, ke nan akwai wanda ke yi wa wani ƙarya a cikin motar nan. Anti ta ce zafi ya fara yawa, kuma ta bar wanki a jiƙe.

A hanyar komawa Auta ta riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu. Ta ji kamar abin ya kusa zama a kanta, kamar sunan mutumin da ka san fuskarsa. Ta ce wataƙila zanen ba na ƙasa ba ne, na allura ne. Kawu ya ce allura ba ta da tudu. Ta ce haka ne. Sai abin ya sake kuɓuce mata.

Ranar jarrabawa shi ya kai ta. Tun da suka fito ta lura ya fi kallon maleji fiye da titi, har wani mai babur ya gaya masa magana a shataletale. A bakin ƙofar makaranta ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ya ce lissafin da ya koya mata ta riƙe shi da kyau, ba wanda zai ƙwace mata. Bayanin kuma, ya ce, tunda mai keken ne zai duba takardar, ta rubuta masa abin da yake so ya gani. Auta ta ce ai matsalar ke nan, ta daina sanin wane bayani ne na wa.

Kawu ya dubi ƙafarsa.

"In kin ga tudu a takardar, ba tudu ba ne."

"To mene ne, Kawu?"

"Ƙafata ce a kan totur. Ina ji. In ya sauko kuma birki ne." Ya ɗago kai. "Amma ki fara karanta rubutun gefen. In nisa suka sa, kada ki sa ni a ciki, ban san abin da suke nufi ba."

Ta shiga. Shi kuma ya zauna a mota a ƙarƙashin wata bishiya da ba ta da inuwar kirki, ya buɗe jarida, ya karanta shafi ɗaya sau da yawa.

Da aka tashi, yara suka fito suna gardama da ƙarfi kamar kullum, kowa yana tabbatar wa ɗan'uwansa cewa ya faɗi. Auta ta shigo mota ta rufe ƙofa. Ya tambaye ta ko zanen ya fito. Ta ce ya fito, kuma ta karanta gefen, gudu ne. Layin ya hau, ta rubuta ƙaruwar gudu. Ya kwanta, ta rubuta gudu ɗaya. Ya sauko, ta rubuta raguwa. Ta yanka shi gida-gida ta fitar da nisa. Kawu yana gyaɗa kai a kowace gaɓa.

Sai ta ce amma bai tsaya a nan ba. Da layin ya sauko ya taɓa layin kwance, sai ya ratsa shi ya wuce ƙasa.

Kawu ya tambaya ƙasa ina. Ta ce ƙarƙashin sifili. Ya buɗe baki, kalmar kwalbati ta zo har kan harshensa, ya haɗiye ta. Ya ce mota ba ta gudun da bai kai sifili ba, in ta tsaya ta tsaya. Ya tambaye ta me ta rubuta.

Ta ce ta daɗe tana kallonsa har mai sa ido ya fara kallonta. Sai ta tuna Malam ya taɓa cewa akwai gudun da ake lissafa shi tare da inda aka dosa, a ranar ba ta gane ba, yanzu ma ba ta ce ta gane ba. Ta rubuta cewa motar ta tsaya, sannan ta koma da baya.

Kawu ya ce wannan ai abu ne da za a iya dubawa yanzu. Da ma motar gabanta bango ne, dole sai da ribas za su fita. Ya tada ta, ya sa ribas, su biyun suka sunkuya a kan maleji. Mota ta ja baya, ta ja baya, ta kusa taɓa teburin mai sayar da biro. Allura tana kwance a kan sifili, ko motsi ba ta yi ba, kuma a ƙasanta ba wata lamba, sai ɗan ƙarfen da take jingina da shi.

Suka koma gida ba su san ko ta ci ko ta faɗi ba.

Da aka liƙa sakamako, sunan Auta yana cikin waɗanda suka tsallake, can kusa da ƙasan takardar, inda iska take ɗaga gefenta. Ta zauna a ajin kimiyya. Makarantar ba ta mayar wa ɗalibai takardun sake jarrabawa, saboda haka ba wanda ya san ko komawa da bayan ta samu maki ko jan biro.

Mahaifiyarta ta zo godiya da kanta. Ta zauna a falo ta ba Anti labarin yadda ta san tun farko cewa Injiniya ne maganin abin, ta kira 'yan'uwa a waya a gabansa ta maimaita musu. Kawu ya karɓi godiyar kamar wanda aka kawo wa saƙon maƙwabci yana cikin baƙi: bai ce nasa ba ne, bai kuma mayar ba. Ya so ƙwarai ya je makarantar ya sami mai keken ya tambaye shi zancen layin nan da ya shige ƙasa, amma mutumin da aka gama yi wa irin wannan godiya ba ya zuwa ya tsaya a bakin ofishin malamai da tambaya.

Da za su tafi ya raka su bakin ƙofa, ya bari yayarsa ta yi gaba, ya ja Auta gefe. Ya rage murya ya ce in ta samu Malamin nasu shi kaɗai, ta tambaye shi abin da ke ƙarƙashin sifilin nan, ta saurara da kyau, ta zo ta gaya masa. Ya ce ta yi tambayar kamar ita ce ba ta gane ba.

"Ai ni ce ban gane ba, Kawu."

"To kin ga," ya ce, "ba ƙarya za ki yi ba."